SAKE SHATA IYAKOKIN MAZAƁU: INDA ABIN YA SHAFE MU DA SHIRIN DA YA KAMATA MU YI

(Jawabin da sakataren ƙungiya ya gabatar a taron jama'a na wata-wata a Agege, Jihar Legas. Mun buga shi a nan saboda magidantan da ba su samu halarta ba.)



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, shugaban wannan ƙungiya, malamanmu, shugabannin 'yan kasuwa da na mahauta da na direbobi, iyayenmu mata, matasanmu, da maƙwabtanmu Yarabawa da suka amsa gayyatarmu, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Kwamiti ya umarce ni in yi bayani a kan sake shata iyakokin mazaɓu, wato yadda hukuma ke sake raba gundumomin zaɓe idan jama'a suka ƙaru. Na san wasu za su ce wannan magana ta 'yan siyasa ce da lauyoyi. To amma layin da aka ja a kan taswira shi ne yake nuna wa zai zama kansilanmu, da kuma ko zai ji kunyarmu in muka je masa da maganar kwalbati, da famfo, da asibitin sha-ka-tafi, da rumfunan kasuwa. Saboda haka ina roƙo a ba ni hankali, zan bi abin daki-daki.

DA FARKO, MENE NE MAZAƁA?

Ƙasar nan an yanka ta hawa-hawa domin zaɓe. A sama akwai mazaɓun Majalisar Dattawa guda 109, kowace jiha uku, Abuja ɗaya. Sai mazaɓun Majalisar Wakilai guda 360. Sai na majalisun dokokin jihohi, waɗanda a zaɓen 2023 suka kai 993. A ƙasa da su akwai ƙananan hukumomi 774, kowace an raba ta gunduma-gunduma, kuma a lissafin Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, wato INEC, gundumomin nan 8,809 ne. A cikin kowace gunduma akwai rumfunan zaɓe, inda muke bin layi mu jefa ƙuri'a.

Gunduma ita ce ta fi kusa da mu, domin ita ke fitar da kansila. Ita ce kuma tubalin da ake gina sauran mazaɓu da shi. Jam'iyyu ma a gunduma suke fara tsara shugabancinsu. In tubali ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa zai karkace.

ABIN DA DOKA TA CE

Kundin tsarin mulki na 1999 bai bar wannan magana a duhu ba. Sashe na 72 ya ce a shata mazaɓun tarayya ta yadda yawan mutanen kowace mazaɓa zai yi kusan daidai da na saura, gwargwadon iko. Sashe na 113 ya faɗi haka a kan mazaɓun majalisar jiha. Sashe na 73 da na 114 sun ɗora wa INEC nauyin sake duba rabon nan lokaci-lokaci, da tazarar da ba ta gaza shekara goma ba, sun kuma ba ta ikon yin gyara bayan an yi ƙidayar jama'a.

Dalilin wannan tanadi a fili yake. Idan mutum dubu ɗari suna da wakili ɗaya, wasu mutum miliyan ɗaya su ma wakili ɗaya, to an mai da ƙuri'ar mutum goma ta zama daidai da ta mutum ɗaya.

Yanzu ku ji abin da ya faru. Rabon mazaɓun da aka yi zaɓen 2023 da shi, tun shekarar 1996 aka yi shi, zamanin mulkin soja na Janar Sani Abacha, bisa ƙidayar 1991. A waccan ƙidaya 'yan Nijeriya ba su cika miliyan 89 ba. A ƙidayar 2006 mun haura miliyan 140. Masu rajistar zaɓe kaɗai a 2023 sun haura miliyan 93, wato sun fi yawan dukan mutanen ƙasar a 1991, har da jarirai. Yaron da aka haifa shekarar da aka ja layukan nan yau magidanci ne, amma rigar da aka ɗinka wa ƙasa tun lokacin ita ce ta sa a zaɓen 2023.

MISALI DAGA ƘOFAR GIDANMU

Ba sai mun je nesa ba. Ga Alimosho nan maƙwabciyarmu, inda 'yan'uwanmu da yawa suka koma saboda tsadar haya. A ƙidayar 2006 mutanenta sun haura miliyan 1 da dubu 200, ba ƙaramar hukumar da ta kai ta yawan jama'a a Jihar Legas. Wakilinta a Majalisar Wakilai guda ɗaya ne. Ƙaramar Hukumar Tsibirin Legas kuwa, a ƙidaya ɗaya ɗin, mutanenta kimanin dubu 210 ne, amma wakilanta biyu.

Mu yi lissafi tare. In aka raba miliyan 140 gida 360, kowace mazaɓa za ta samu kimanin mutum dubu 390. Ke nan Alimosho ta cancanci kujera uku tun 2006. A Tsibiri kuwa kowane wakili yana tsaye ne a kan mutum kimanin dubu 105. Wato ƙuri'ar mutumin Tsibiri ta ninka ta mutumin Alimosho kusan sau goma sha biyu. A majalisar dokokin jiha ma haka: kujeru 40 ne, kowace ƙaramar hukuma biyu, babba da ƙarama.

Ku lura da wani abu, jama'a. Wannan rashin daidaito bai tambayi ƙabilar kowa ba. Bayarabe da Ibo da Bahaushe da ke zaune a Ikotun ko Ipaja duk ya shafe su daidai wa daida. Zan dawo kan wannan, domin nan ne ƙarfinmu yake.

ME YA HANA A GYARA?

Dalili na farko, kujerun Majalisar Wakilai 360 ne, tsarin mulki ya ƙayyade su. In za a ƙara wa wani wuri, sai an rage wa wani. Na biyu, sashe na 74 ya ce gyaran ba zai fara aiki ba sai Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun amince, kuma sai wa'adin majalisar da ke kai ya ƙare. Wato waɗanda za a taɓa kujerunsu su ne za su sa hannu. Na uku, ƙidaya kanta rigima ce a ƙasar nan. Ta 2006 ta ba Legas mutum miliyan 9 da ɗoriya, gwamnatin jihar ta ƙi yarda, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta.

Ko ƙarin rumfunan zaɓe sai da aka sha fama. A 2014, lokacin shugabancin Farfesa Attahiru Jega, INEC ta so ƙara rumfuna kimanin 30,000, aka yi ta cacar baki a kan kason Arewa da na Kudu har aka jingine shirin. Sai a 2021, lokacin Farfesa Mahmood Yakubu, aka ƙara 56,872, jimla ta kai 176,846. A nan Legas daga dubu 8 da ɗoriya suka koma 13,325. A wannan aikin ne kuma aka ɗauke rumfuna 749 daga wuraren da ba su dace ba, ciki har da gidajen mutane da fadoji da wuraren ibada, aka mai da su wuraren da kowa zai iya shiga. Wannan ya rage cunkoso, amma ƙarin rumfa daban, ƙarin wakili daban. Rumfa tana rage tsawon layi ne kawai, ba ta ƙara kansila.

GUNDUMA IRI BIYU A LEGAS

Akwai abin da ke rikita mutanenmu, ya kamata in warware shi. A 2003 gwamnatin Bola Tinubu ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da tsarin mulki ya sani. Gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka je Kotun Ƙoli. A 2004 kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Ƙasa ta shigar da su cikin tsarin mulki. Daga nan aka mai da su hukumomin raya ƙasa, irin su Orile-Agege, da Ayobo-Ipaja, da Ikosi-Isheri inda kasuwar Mile 12 take.

Saboda haka gunduma iri biyu ce a jihar nan. INEC tana da 245, da su ake tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa da gwamna da 'yan majalisa. Hukumar zaɓe ta jiha, wato LASIEC, ita ke gudanar da zaɓen ciyaman da kansila, kuma a zaɓen watan Yuli na 2025 kujerun kansila 376 aka yi takara a kansu, da na ciyaman 57. Duk wanda zai kai kuka sai ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa: maganar gundumar kansila ta hukumomin jiha ce, maganar mazaɓar ɗan majalisa da rajistar masu zaɓe da rumfuna ta INEC ce.

Kada kuma a raina kujerar kansila. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya a riƙa ba su kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa na riƙo. Duk ranar da hukuncin nan ya zauna da gindinsa, kujerar ciyaman da ta kansila za su ƙara nauyi, masu neman su ma za su ƙara sa ido a kan inda layi zai bi.

YADDA AKE CUTAR JAMA'A DA LAYI

Hanya biyu ce, kuma ko'ina a duniya an san su. Ta farko ita ce tsagawa. A ɗauka, a misali, unguwa tana da masu zaɓe 9,000 da ke zaune wuri ɗaya, buƙatunsu ɗaya. A kewayen akwai wasu masu zaɓe 21,000, za a fitar da gunduma uku, kowace mai mutum 10,000. In aka bi tsarin unguwa, mutanen nan 9,000 za su faɗa gunduma ɗaya, su fitar da kansila. In kuwa aka ja layi ya ratsa tsakiyarsu aka raba su gida uku, kowace gunduma za ta samu 3,000 a cikin 10,000. Ba a hana kowa ƙuri'a ba, amma ba inda za su yi rinjaye.

Ta biyu ita ce cusawa. A tattara mutum 20,000 a gunduma ɗaya a ba su kansila ɗaya, a gefe guda kuma a yanka gunduma biyu masu mutum 5,000 kowace, a ba su kansila biyu. A zauren majalisar ƙaramar hukuma mutum 10,000 sun rinjayi 20,000.

Amma a nan zan faɗi wata gaskiya da wasu matasanmu ba za su so ji ba. Samun gundumar da za a ce ta Hausawa ce zalla ba kullum yake zama riba ba. Kansila ɗaya a cikin goma ana iya mai da shi saniyar ware, sauran tara su ce ba ruwansu da mu tunda ba ƙuri'armu ta kawo su ba. Jama'ar da ke da kashi talatin cikin ɗari a gunduma uku, in kansu a haɗe yake kuma suna fita zaɓe, kansila uku ne za su riƙa zuwa gaishe su. Don haka abin da za mu nema shi ne a bi yawan jama'a, a bi iyakokin da kowa ke gani da idonsa kamar titin jirgi da babban titi da rafi, kada a tsaga unguwar da ke shan ruwa a famfo ɗaya, take cin kasuwa ɗaya. Sashe na 7 na tsarin mulki ma, da yake magana a kan iyakar ƙaramar hukuma, ya ce a lura da maslahar da ta haɗa jama'ar wurin, da dangantakarsu ta gargajiya, da sauƙin gudanar da mulki.

DARASI DAGA WASU WURARE

Maganar iyaka wuta ce, in ba a iya riƙe ta ba. A Warri, Jihar Delta, rikici ya ɓarke a 1997 tsakanin Ijaw da Itsekiri bayan an ɗauke hedkwatar ƙaramar hukuma daga Ogbe-Ijoh zuwa Ogidigben, aka yi shekaru ana asarar rayuka. A wannan shekara kuma Ife da Modakeke suka gwabza a kan mazaunin hedkwatar sabuwar ƙaramar hukuma. A Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, zaɓen ƙaramar hukuma na Nuwamba 2008 ya ƙare da mutuwar ɗaruruwan mutane. Mu ma nan Kudu ba mu manta Shagamu a 1999 da Idi-Araba a 2002 ba. Waɗannan biyun ba kan zaɓe suka taso ba, amma sun nuna mana wanda ke kwana a ciki in wuta ta tashi: talaka ne, namu da nasu.

Warri ɗin nan kuma ta koya mana wata hanya. Wasu 'yan yankin sun bi kotu hawa-hawa, har ranar 2 ga Disamba 2022 Kotun Ƙoli ta umarci INEC ta sake shata gundumomi da rumfunan zaɓe a ƙananan hukumomi uku na mazaɓar tarayya ta Warri. A watan Afrilu na 2025 INEC ta gabatar da rahoton aikinta, wasu suka yi murna, Itsekiri suka ƙi amincewa suka yi zanga-zanga. Abin lura biyu ne. Kotu tana iya tilasta wa hukuma ta yi aikinta. Sannan kuma ranar da ma'aikata suka fito zagayen fili, wanda ya zo da hujja a rubuce shi ake saurara.

MATSAYINMU A DOKA

Za a samu masu cewa baƙo ba ruwansa da wannan magana. Amsarmu tana cikin tsarin mulki. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar fili da gida ko'ina. Dokar zaɓe ta 2010 da ta 2022 duk sun ce mutum zai iya yin rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda asalinsa yake. Kuma wajen rabon mazaɓu tsarin mulki mazauna wuri yake ƙirgawa, bai ce a tambayi takardar shaidar asali ba.

Zamanmu a Kudu ba na jiya ba ne. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi. Kakanninmu sun zo Agege da fataucin goro da shanu tun zamanin Turawa. A shekarun 1950 mutanen Inugu suka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Duk da haka, haƙƙi yana tafiya da ladabi. Masu gari suna da sarakunansu da al'adunsu, kuma tsoron da suke ji kada a rinjaye su a ƙasar kakanninsu tsoro ne da mu ma za mu ji a Kano ko Katsina. Da lallami da hujja za mu yi magana da su.

ABIN DA KWAMITI YAKE ROƘON KOWANE MAGIDANCI

Na ɗaya, rajista. Mutum ya shekara ashirin a Agege, 'ya'yansa a nan suke makaranta, amma katin zaɓensa na ƙauyensu ne. A idon hukuma wannan mutum ba ya nan. Doka ta ba da damar a nemi sauyin wurin zaɓe. Duk lokacin da INEC ta buɗe rajista, wanda ya san nan ne mazauninsa ya je ya dawo da katinsa nan, wanda ya cika shekara 18 ya yi sabo, wanda ya yi kuma ya je ya karɓa. Rajista sau biyu laifi ne, kada kowa ya yi.

Na biyu, iyayenmu mata da 'yan matanmu da suka isa zaɓe. Gidan da ke da mutum shida masu shekarun zaɓe amma maigida kaɗai ke da kati, ya zubar da biyar. Kwamitin mata zai shirya rakiya ga masu bukata.

Na uku, ƙidaya. A ta 2006 ba a tambayi ƙabila ko addini ba, saboda haka duk mai ce muku Hausawan Legas miliyan kaza ne, ba shi da takardar da zai nuna. An ƙirga mutum ne a inda aka same shi. Duk ranar da aka sa ƙidaya ta gaba, wanda ya kwashe iyalinsa ya tafi gida don a ƙirga shi can, ya rage wa unguwar da yake kwana yake tashi a cikinta, Hausawanta da Yarabawanta baki ɗaya.

Na huɗu, takardu. A yi katin shaidar zama na Jihar Legas, wato na hukumar LASRRA. A adana rasit na haraji da na haya da na rumfar kasuwa. Ofishin sakatare zai buɗe littafi, layi-layi, a rubuta yawan gidaje da lambar rumfar zaɓen da kowane gida yake, da nisan da ke tsakaninsu. Ba za mu karɓi katin kowa ba, kuma kada ku ba kowa katinku, ko da ya ce mu muka aiko shi.

Na biyar, a shiga ƙungiyar raya unguwa ta layin da ake zaune, a biya kuɗin wata, a halarci taro. A nan ake fara jin labarin cewa hukuma za ta zo. In lokacin miƙa takardar koke ya yi, muna so ta fita da sa hannun Baale da na Sarkin Hausawa da na shugaban 'yan Ibo a shafi ɗaya. Takardar da ta ce unguwa kaza mai mutum kaza tana neman adalci ta fi ƙarfin wadda ta ce ƙabila kaza tana neman kasonta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na shida, fita ranar zaɓe. A 2023 Legas tana da masu rajista sama da miliyan 7, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 1 da rabi ba. A wurin da mutane ba sa fita, 'yan kaɗan da suka fito su ke yanke hukunci. Ƙungiya ba ta da jam'iyya, kowa ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi, amma ya fita.

Na bakwai, karatu. Kafin zaɓe ana manna sunayen masu rajista a bango na wasu kwanaki domin kowa ya duba ya yi gyara. Wanda bai iya karatu ba, ko an cire sunansa ba zai sani ba sai ranar zaɓe. Ni da ke gabanku a ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, da gemuna. Ajinmu na dare yana nan, na mata kuma da rana, ba a biyan ko kwabo.

Daga ƙarshe, ina kira ga matasanmu. In kuka ji jita-jita cewa an kwashe rumfarmu ko an tsaga gundumarmu, ku kawo maganar ofis a bincika kafin ku yaɗa ta a waya. In ta tabbata, akwai takardar koke, akwai lauya, akwai kotu. Duk ɗan siyasar da ya ba ku makami, ku tambaye shi ina nasa ɗan yake. Tun ran gini ran zane: littafin da za mu buɗe yau shi ne hujjarmu ranar da aka zo da taswira.

Masu unguwanni su tsaya bayan an tashi domin karɓar takardun rubuta gidaje. Mai tambaya kuma ya ɗaga hannu, shugaba zai ba shi dama.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba ƙasarmu shugabanni masu adalci.